Mai Famfo da Akwatin Saƙonsa

A layin da yake zaune babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Mai Famfo ake ce masa, domin a gidan ruwa ya ƙare ƙuruciyarsa da ƙarfinsa, yana tsaron manyan injunan da ke tura ruwa cikin gari. Ƙarar injunan nan ta cinye masa ji a hankali, har ya zama sai mutum ya tsaya a gabansa ya ɗaga murya yake gane magana, rabi da kunne, rabi da kallon leɓe. Waya kuwa ba ta da wani amfani gare shi. In ya kara ta a kunne, abin da yake ji bai wuce ƙugin zuma ba.

Karatu da girma ya same shi. Yana da mata da ɗa ya shiga ajin yamma da ma'aikata suka buɗe a bayan ɗakin injin, saboda ya gaji da neman wanda zai rubuta masa awon ruwa in ya tashi aiki. Da wuya ya koya, kuma abin da ya koya ya riƙe shi da daraja. Ba ya rubuta kalma sai ya auna ta, ba ya yarda a gan shi yana bin layi da yatsa, ba ya kuma roƙon kowa ya karanta masa komai. In rubutu ya gagare shi a gaban mutane, sai ya shafa aljihu ya ce tabarau ya manta a gida.

Gidansa ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, kuma tun da mai ɗakinsa ta rasu shi kaɗai yake kwana a ciki. Ɗa guda Allah ya ba su. Lokacin da yaron ya gama makaranta, Mai Famfo ya yi ta zirga-zirga har ya samar masa gurbi a gidan ruwa, amma yaron ya ce shi teku yake so, ya sami aikin kula da injin a jirgin ruwan dakon kaya. Ranar da zai tafi, uban ya tsaya a bakin ƙofa ya ce masa in ya fita kada ya ɗauka akwai ɗakin da zai zauna jiransa. Yaron ya ɗauki jakarsa ya fita. Daga baya ya yi aure a wani gari mai nisa, uban bai je ba, bai kuma tambayi sunan garin ba.

Rasuwar uwar ce ta dawo da ɗan gida, na ɗan lokaci kaɗan. Ba su yi wata doguwar magana ba. Amma kafin ya koma ya ajiye wa uban tsohuwar kwamfuta a kan tebur, ya buɗe masa akwatin imel, ya nuna masa inda ake dannawa. Ya kuma roƙi maƙwabciyarsu mai kemis, wata dattijuwa mai yawan magana da taimako, ta bari a ja waya daga ɗan akwatin intanet na shagonta, ta bi saman katanga ta shiga tagar Mai Famfo. A cikin teku waya ba ta kamawa, in ji shi, amma imel yana zuwa.

Da haka suka koma magana, in za a kira ta magana. Ɗan ya rubuto, uban ya amsa, ɗan ya sake rubutowa. Babu wanda ya taɓa rubutu sau biyu a jere, domin dukansu jini ɗaya ne, kowa yana ganin wanda ya yi haka ya nuna zaƙuwa. Abin da suke tattaunawa kuwa bai wuce injin ba: zafin mai, ƙarfin turi, irin kukan da ƙarfe yake yi kafin ya ci amana. A cikin waɗannan gajerun layuka Mai Famfo ya san an haifa masa jika mace, a ƙarshen wani bayani kan famfon da ya toshe.

Sai ga wani saƙo a farkon wata wanda babu injin a cikinsa. Ɗan ya ce an ba shi hutu, kuma kafin watan ya ƙare dole ya gaya wa ofishinsu garin da za a yanka masa tikiti. In akwai ɗaki a gidan, yana so su sauka nan, shi da mai ɗakinsa da yarinyar. In babu, ba komai, sai ya wuce garin surukansa.

Mai Famfo ya karanta saƙon ya sake karantawa, har ya haddace shi. Bai amsa a ranar ba. Ya ɗauki takarda ya yi ta gwada amsa, ya rubuta doguwa ya ga ta yi kama da roƙo, ya rubuta gajera ya ga ta yi kama da umarni. Da ya samu wadda ta kwanta masa, ya zauna da safe ya danna maɓallin kwamfutar. Ta yi gurnani, fuskarta ta yi baƙi, wasu fararen haruffa suka fito suka tsaya. Ya kashe ya kunna, ba ta wuce nan ba.

Ya naɗe ta a tsohon bargo ya kai wa mai gyara, wani mutum mai ƙiba da furfura a gemu wanda kowa ke kira Injiniya. Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, matattun kwamfutoci jibge har rufi, fanka tana kaɗa ƙura daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Injiniya ya buɗe ta ya leƙa, ya matso kusa da kunnen Mai Famfo ya ce, "Dattijo, wannan kwamfutar ai ta girmi wasu masu aure."

"Ni ma na girme ta, ga ni kuwa da ƙafata na zo."

"Kai ba a canza maka ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake fama da kai. Ita dole a canza mata."

Ya yi masa bayani cewa babbar manhajar da ke tafiyar da komai a cikinta ce ta lalace, zai goge ta ya ɗora wata sabuwa marar nauyi, wadda tsohon ƙarfe zai iya ɗauka.

"Saƙonnina fa?" in ji Mai Famfo.

"Ba a nan suke kwana ba. Suna can a babbar kwamfutar kamfanin imel. Bari in yi maka da yarenku: can ne tanki, wannan taka kan famfo ce kawai. Ka murɗa, su zubo."

Wannan bayani ya shige shi sosai, har ya ji mutumin ya ƙaru a idonsa.

Da ya dawo da ita gida, sai ya tarar kamar an canza masa ɗaki yana barci. Launin fuskar ya sauya, abin da ke hagu ya koma dama, haruffan sun ƙanƙance. Abu ɗaya ya gane, hoton ambulan da Injiniya ya ajiye masa a tsakiya. Ya danna shi, ya buɗe farin fili, ya ajiye takardarsa a gefe ya fara bugawa da yatsa ɗaya. Ya rubuta cewa akwai ɗaki, kuma za a share shi, su zo, shi da mai ɗakinsa da yarinyar. Ya duba kowace kalma, ya danna maɓallin aikawa. Filin ya ɓace. A can ƙasa wani siririn layi na Turanci ya fito, ya kai ido ya fara haɗa haruffan, bai kai kalma ta uku ba layin ya shuɗe. Ya ce a ransa sabuwar manhaja ce ke shaida masa an aika, ya rufe kwamfutar da mayafinta.

Daga ranar ya shiga aikin ɗakin. Tun tafiyar ɗan, nan yake tara guntayen bututu da sifanu da tsofaffin kawunan famfo da ya kasa zubarwa. Ya kwashe su zuwa bayan gida, ya wanke daɓen, ya toshe ramin ɓera, ya sayo katifa da gidan sauro. A tsakar gida ya haɗa wani ƙaramin famfo ƙasa-ƙasa, daidai inda hannun yarinya zai kai, ko da yake bai san tsawonta ba, da ido ya kintata. Kowace safiya in ya sha shayi sai ya ɗage mayafin kwamfutar ya danna ambulan. Kowace safiya akwatin yana nan yadda yake.

Mako ya shuɗe kafin ya lura da wani abu. Ba amsar ɗansa kaɗai ce ba ta zo ba. Masu tallan magani da na filaye, waɗanda da can kullum sai ya share tarkacensu, su ma sun yi shiru. Wannan ya sanyaya masa rai fiye da yadda zai iya faɗa. In gari duka babu ruwa, ba a cewa an yanke wa gida ɗaya. Toshewa ce, kuma toshewa aikinsa ce.

Ƙa'idarsa tun yana gidan ruwa ita ce a fara daga kan famfo a bi bututu baya-baya har tushe, kada a tsallake gaɓa ko ɗaya. Ya zare wayar daga bayan kwamfutar ya hura ya mayar. Ya bi ta da hannu har taga, ya jingina tsani ya hau katanga yana lalubar ta taku-taku, ko rana ta cinye ta, ko ɓera ya taɓa. A nan mai kemis ta fito ta gan shi.

"Baba, sauko," ta ce da ƙarfi. "In ka faɗo ni ba na sayar da ƙashin baya."

"Me kika ce?"

"Ka ji sarai. Kunnen nan naka abin da yake so yake ji."

Ya sauko, amma sai da ya kai ƙarshen wayar. Lafiyarta ƙalau. Suka shiga shagon, ta nuna masa ɗan akwatin intanet a kan kantar bayan kwalaben maganin tari, fitilunsa suna ƙiftawa kore. Nata yana aiki, ta ce, yanzu ma ta gama odar kaya. Ta kira Injiniya a waya, ta zama tafinta tsakaninsu, tana ji da kunne tana maimaita wa Mai Famfo da baki da hannu.

"Ya ce a shagonsa kwamfuta da kanta take karɓar lamba in an jona ta. Ya ce nawa akwatin wa ya saita shi?"

"Ke za ki sani."

"Ƙanena ne. Ya ce ya ɗaure shi don kada 'yan zaman banza su riƙa sha daga waje." Ta saurari wayar. "Injiniya ya ce to shi ke nan. Nawa ba ya raba lamba, sai an rubuta wa kowace kwamfuta tata da hannu. Ɗanka ya rubuta wa tsohuwar manhajar, da aka goge ta lambar ta bi ta. Ya ce yaya ba ka gaya masa ba?"

"Ki ce masa bai tambaya ba."

"Ya ce ka yi haƙuri, bai san a gidanku har intanet ma sai da sallama yake shiga ba."

Ta wayar Injiniya ya bi da ita cikin saitin kwamfutar shagon har ta ga lambobin da ke ciki, ta kwafe su, ta rufe shagon na ɗan lokaci suka zagaya gidan Mai Famfo. Gurabe ne a jere: lambar ita kwamfutar, lambar ƙofar da take bi ta fita, da lambar mai nuna mata hanya in an ba ta suna. Mai Famfo bai bari ta buga ba. Shi ya zauna ya shigar da su da yatsansa, tana tsaye a kansa tana cewa ɗigo ne nan ba waƙafi ba, yana cewa ya gani. Da ya gama, wata 'yar alama a kusurwar fuskar ta sauya kama. Ta ce ya buɗe shafin labarai. Ya buɗe, hotuna suka cika fuskar.

Ya danna ambulan. Kwamfutar ta yi ta juya wani ɗan zobe, ta daɗe tana juyawa, sannan ta fito da akwatin gargaɗi. Babu saƙo ko ɗaya.

Washegari Injiniya ya zo da kansa a kan babur, ya cika kujerar Mai Famfo da jikinsa, ya tambayi mene ne takamaiman ciwon.

"Saƙo ba ya shigowa."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

Ya buɗe saitin manhajar imel ya yi tsaki. Da ya ɗora ta, ya ce, ita ta cika guraben da kanta, ta kuma zaɓi tsohuwar ƙofar karɓar saƙo wadda kamfanin ya daɗe da rufewa. Ya gyara sunan babbar kwamfutar, ya canza lambar ƙofar, ya sa alama a gurbin tsaro, ya juya fuska ya ce Mai Famfo ya buga kalmar sirrinsa. Zoben ya juya sau ɗaya, sai saƙonni suka fara zubowa, layi a kan layi, har suka cika fuskar suka gangara.

"Ka gani, Dattijo, ruwa ya zo."

"Ya zo."

Mai Famfo bai duba a gaban Injiniya ba. Sai da ƙarar babur ta yi nisa, ko kuwa sai da ya ga ƙurarsa ta kwanta, ya sa tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Masu magani, masu filaye, sanarwar ƙungiyar tsofaffin ma'aikata, wani da ke cewa ya ci kyautar mota. Ya kai ƙasa ya dawo sama. Sunan ɗansa na ƙarshe yana nan a kan saƙon farkon wata, babu wani bayansa.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi na toshewar nauyi. Da can yana da abin zargi, yana da waya da zai bi da tsani da zai hau. Yanzu famfo yana zuba, abin da yake jira ne babu a ciki. Ya riƙa ba ɗan uzuri: wataƙila jirgin yana inda babu sadarwa, wataƙila aiki ya yi yawa. Da uzurin ya ƙare sai wani tunani ya zauna masa, cewa yaron ya karanta, ya ga an ce ya zo, kuma abin da yake so ke nan tun farko, ya ji uban ya sauko, ba zuwan ba. Yakan buɗe farin filin ya zauna yana kallonsa, sannan ya rufe. Shi ya yi rubutu na ƙarshe, ba zai bi saƙonsa da wani ba.

Mai kemis ta lura ya daina zama a bencin ƙofar shagonta da la'asar. Ta leƙo ta tarar da shi a ɗakin da ya share, zaune a bakin sabuwar katifa da ledarta ba a cire ba.

"Baba, baƙin namu yaushe ne?"

"Suna hanya."

"Ka sake rubuta masa mana. Ɗanka ne, ba surukinka ba."

Ya juya mata kunnen da ya fi toshewa. Ta ajiye masa maganin hawan jininsa a kan taga ta fita.

Wata ya ƙare, sabo ya kama. Ran nan ya tashi ya sa rigarsa ta fita ya tafi ƙarƙashin benen, ya ce wa Injiniya aikinsa bai kammala ba, akwai sauran toshewa, wasu saƙonni suna wucewa wasu suna maƙalewa. Shi kansa bai gaskata abin da yake faɗa ba, amma ya fi masa sauƙi a kan ɗayan zancen. Injiniya ya buɗe baki zai yi musu, ya dubi fuskar tsohon, ya ɗauki makullin babur.

A gidan ya zaro wayarsa ya ce, "Bari mu gwada a gabanka. Ga shi na aiko maka."

Kafin ya mayar da wayar aljihu saƙon ya bayyana a kwamfutar.

"Ka gani? Ko ƙiftawa bai yi ba. To amsa mini, don ka san na yi aikina."

Mai Famfo ya buga kalma ɗaya ya danna aikawa. Filin ya ɓace, siririn layin nan ya fito a ƙasa ya shuɗe. Injiniya yana kallon wayarsa. Ya jira, ya girgiza ta, ya sake jira. Sannan ya matso da kujera.

"Wannan layin da ya fito yanzu, ka taɓa ganinsa?"

"Na gan shi."

"Me ya ce?"

Mai Famfo ya kai hannu aljihu, sai ya tuna tabaran suna kan hancinsa. Ya ce, "Ba ya tsayawa."

Injiniya bai ƙara tambaya ba. Ya ja linzamin kwamfutar zuwa gefen hagu, ya danna wani ƙaramin akwati a ƙarƙashin na shigowa, wanda Mai Famfo bai taɓa buɗewa ba. Saƙo biyu ne a ciki. Na sama kalmar da ya buga yanzu. Na ƙasa yana ɗauke da sunan ɗansa da kwanan farkon watan jiya.

"Wannan akwatin masu jiran fita ne," in ji Injiniya, muryarsa ta sauka har sai da tsohon ya bi leɓensa. "Bai tafi ba, Dattijo. Tun ranar yana nan."

Mai Famfo ya daɗe yana kallon layin.

"Ka ce ruwa ya zo."

"Ya zo. Amma nan bututu biyu ne, na shigowa daban, na fita daban, kowanne da sunansa da ƙofarsa. Ka ce mini ba ya shigowa, na gyara na shigowa. Da na san akwai abin da ka tura, da na duba ɗayan."

"A wurinmu ruwa hanya ɗaya yake bi," in ji Mai Famfo. "Ba wanda ya taɓa kawo ƙara cewa famfonsa ba ya mayarwa."

"Misalin nawa ne ya yi gajere."

Gyaran bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba. Sunan babbar kwamfutar aikawa daidai yake, lambar ƙofar ce ba daidai ba, kuma ba a sa alamar da ke cewa ita ma a ba ta kalmar sirri ba. Injiniya ya gyara, ya ɗora yatsa a kan maɓalli ya tsaya.

"In sake shi yadda yake?"

"Dakata."

Mai Famfo ya karɓi kujerar. Injiniya ya fita tsakar gida ya tsuguna yana wasa da ƙaramin famfon, yana buɗewa yana rufewa. Mai Famfo ya buɗe saƙon ya karanta abin da ya rubuta, bai canza ko harafi ba. A ƙasa ya ƙara cewa wannan amsa tun farkon wancan wata aka rubuta ta, ta maƙale a cikin kwamfuta bai sani ba, sai yau aka gano, kuma ɗakin a share yake. Wannan karon babu takarda a gefensa, bai kuma tsaya auna kalmomin ba. Ya danna. Akwatin masu jiran fita ya zama fanko, wayar Injiniya ta yi ƙara a tsakar gida, ya ɗaga ta sama ya nuna masa ta taga.

Amsar ba ta daɗe ba, bayan kwana biyu da hantsi ta iso. Ɗan ya ce ya jira har ranar ƙarshe, kullum in ya sauka daga aiki sai ya duba, da bai ga komai ba ya ɗauka shirun shi ne amsar, ya ce wa ofis su yanka tikitin garin surukansa. An riga an yanka, ba a canzawa, hutun kuma gajere ne, ba zai isa a raba shi gida biyu ba. Bayan wannan sai ya sake wata doguwar tafiya kafin a ba shi wani. Ya ce ya karanta zancen ɗakin, ya kuma karanta wa mai ɗakinsa.

Mai Famfo ya cire tabarau ya goge su da bakin riga. Ya tashi ya zaga tsakar gida, ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya dawo. Mutanen da ɗansa zai sauka wurinsu bai taɓa gaishe su ba, bai je neman aure ba, bai je ɗaurinsa ba, kuma ya san duk wanda ya shiga gidansu yanzu da sunan uban miji zai sha kallo, ga shi ba zai ji abin da ake faɗa a kansa ba. Ya yi wannan lissafi duka a tsaye, bai rage komai ba.

Sannan ya zauna ya buɗe farin filin. Ya tambayi ɗansa sunan garin, da tashar da ake shiga mota, da ko tafiyar yini ce ko sai an kwana a hanya. Ya tambayi yadda ake kiran surukin nasa, don kada ya isa yana lalube. Ya aika, ya buɗe akwatin masu jiran fita ya tabbatar babu kowa a ciki, ya zagaya shagon mai kemis ya ce ta haɗa masa maganin da zai ishe shi tafiya.